Ragon suna ko babban sigarin lantarki?

Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 31, ina tuƙa pragiya, wato keke mai ƙafa uku na haya, tsakanin Aboabo da Asawase a nan Kumasi. Na yi shekara 11 ina shan taba, kwali guda a wuni. Da matata ta haifi ɗanmu na fari na yi mata alkawarin bari, na kasa. Sai bara wani abokina ya nuna mini sigarin lantarki, wanda samari ke ce wa bef. Na sayi ƙarami irin na 'yan koyo, mai kama da biro. Gaskiya ya taimake ni, tari ya ragu, wari ya bar kayana. Matsalarsa ba ya ƙarko. Cikin wata 8 na sayi uku, kowanne wajen sidi 250. Na farko ya yi ta yoyo a aljihu har ya daina ja, na biyu ya ƙi ɗaukar caji, na ukun yanzu ƙauri yake yi kamar an ƙona tsumma. Kuma duk ranar da ya mutu, kafin la'asar sai in gan ni gaban mai tebur ina sayen kara biyu. Abokin nan yana da babba, mai akwati da batir biyu da ake cirewa, na hannu ne. Ya ce in kawo sidi 900, shekaru zai yi mini. Kuɗin da ke hannuna na adashi ne, mun ajiye don ragon suna, matata tana da cikin wata 6. Da na taɓo mata zancen sai ta ce cewa na yi zan bari, ba cewa na yi zan canza wa taba riga ba. Ranar nan kuma ta kama yaronmu ɗan shekara 2 da kwalbar ruwan da ake zuba wa sigarin a hannu, mai ƙanshin mangwaro. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kawu, in saya ko kada in saya? Kuma akwai wanda yake ƙarko da gaske?

Mai pragiya, Aboabo

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da ƙoƙari, kuma ba gaisuwar baki nake yi ba. Wanda ya saba ƙarar da kwali a wuni, yau ya dawo yana ƙirga kara biyu har yana jin kunyarsu, ya ci rabin hanya. Ni ma na riƙe kara a ƙuruciyata, na san yadda ƙafa ke kai mutum gaban mai tebur tun zuciyarsa ba ta gama shawara ba.

Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: kada ka saya. Zan ba ka dalilai, amma bari mu fara da kwalbar nan, don ita ce ba za ta jira mu gama hira ba. Ɗauko ta ka duba jikinta. In ka ga an rubuta 5%, ma'anarsa miligiram 50 na nikotin a kowace mililita, wato ƙaramar kwalba mai mililita 30 tana ɗauke da miligiram 1,500. Abin da jikin mai shan taba ke ɗauka daga kara guda bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ba ta yarda ruwan ya wuce miligiram 20 a mililita ba. To ka ga abin da yaronka ya riƙe a hannu yana shaƙar ƙanshin mangwaro. Kurɓa ɗaya tana iya sa yaro kamarsa amai, da dalalar miyau, da rawar jiki, har numfashi ya tsaya. Daga yau kwalbar nan a akwati mai kwaɗo za ta kwana, a sama, ba cikin aljihun wandon da ka rataye a ƙofa ba. In Allah ya kiyaye yaro ya taɓa sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi da kwalbar tare sai asibiti. In a fata ya zuba, a wanke da ruwa da sabulu, don nikotin yana ratsa fata. Fushin da uwar ɗakinka ta yi a kan wannan, ko alƙali ba zai ce ta yi laifi ba.

Yanzu ga matattun nan uku. Da na karanta yadda kowanne ya mutu, sai na ga kamar ɗaya kaɗai ya kamata a yi wa jana'iza.

Fara da na ukun, mai ƙauri. A cikin ƙoƙon da ake zuba ruwan akwai wata siririyar waya da ake ce wa koyil, da auduga a jikinta. Auduga ta sha ruwa, batir ya ɗumama waya, ruwan ya zama tururi. Iyakar dabarar ke nan, abin kuma a 2003 ne wani masanin haɗa magunguna ɗan Sin mai suna Hon Lik ya fito da shi. Ranar da waya ta yi zafi a kan busasshiyar auduga, auduga ta ƙone, kuma ƙaurin ba ya fita har abada. Koyil kuwa dama ba a yi shi don ya daɗe ba. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi a hannun mai ja sosai, ruwa mai zaƙi irin naka kuma ya fi saurin kashe shi, don kayan zaƙin suna daskarewa a jikin wayar su yi baƙi kamar ƙanzon tukunya. Kai direba ne, ɗauke shi kamar filogi. Ka taɓa sayar da pragiya don filogi ya mutu? Sabon ƙoƙo ko sabon koyil kawai na ukun nan yake nema. In ka sa sabo, ka zuba ruwa ka ajiye shi a tsaye minti 5 zuwa 10 kafin ja na farko. Kada ka bari ruwan ya sauka ƙasa da 'yan ramukan da ake hango auduga ta cikinsu, kuma kada ka jera ja biyar a numfashi ɗaya lokacin da kake jiran fasinja, ka bar audugar ta sake jiƙa.

Na biyu, wanda ya ƙi caji, ina zargin ƙura. Abin da ke yini a aljihun mai pragiya, musamman da hunturu, bakin cajinsa cika yake yi da ƙura da zaren aljihu har kan waya ya kasa zama. In bai tafi bola ba tukuna, sa tsinken sakace a hankali ka ga abin da zai fito, ko ka miƙa wa yaran da ke gyaran waya a Adum su duba. In kuwa batirin ne, to ga yadda yake: irin na cikin wayar salula ne, yana ɗaukar caji kamar sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ja baya, kuma babban abokin gabarsa zafi. Ajiye shi gaban pragiya rana tana dukansa daga hantsi zuwa azahar, da jona shi a kan caja mai saurin cika waya, da barinsa a wuta har asuba, dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo da ƙarfi a kansa, duk suna rage masa kwana.

Na farkon ne nake jin ya mutu da gaske. Irin waɗannan ƙanana ba su da maɓalli, wani ɗan abu ne a ciki yake jin iska in ka ja, sai ya kunna wuta. Zafi yana tsinka ruwan ya zama kamar ruwan famfo, ga shi a kwance cikin aljihu, ga jijjigar ramukan hanya. Sai ya tsiyaya ya shiga wajen ɗan abin nan ya kashe shi. Maganinsa a riƙa ajiye shi a tsaye, a inuwa, kuma kowane dare a cire ƙoƙon a goge gindinsa da auduga. Duk da haka kada in yaudare ka, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Roba ce mai araha, yawanci daga masana'antun Shenzhen, ba a yi ta don a bar wa magada ba. Amma da kulawa, jiki ɗaya ya isa ya kai ka watanni masu yawa, ƙoƙo kawai kake canzawa.

To babban fa? Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwatin ƙarfe ne, ya fi roba jure faɗuwa. Sai dai akwatin kaɗai ke shekaru. Tankin da ke samansa gilashi ne, faɗuwa ɗaya a kan kwalta ta ishe shi. Koyil ɗinsa yana ƙonewa kamar na ƙaramin, ya kuma fi tsada. Naka yana aiki da wuta kamar wat 10 zuwa 20, irin nasa kuwa daga 40 zuwa 80 ko fiye, don haka ruwan da ke kai ka mako shi kwana biyu zai shanye. Ba a kuma zuba masa ruwa mai ƙarfi irin na ƙananan, sai mai miligiram 3 ko 6. In ka yi gangancin zuba masa mai 50, jiri da tashin zuciya za su same ka kana riƙe da kan pragiya, ga mutane a baya. Uwa uba, an ƙera shi ne don ya tayar da hayaƙi ya turnuƙe wuri, abin da 'yan gayu ke so ke nan a jikinsa. Kai kuma mai ciki gare ka da ƙaramin yaro. Tururin nan ba ruwa zalla ba ne, da nikotin a ciki, kuma nikotin yana taɓa girman ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Ko ƙaramin ma, daga yau a waje.

Batiransa ne suka fi tsaya mini a rai. Ana ce musu 18650, don kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowanne an naɗe shi da wata siririyar leda, kuma ledar nan ce kaɗai ta raba jikin ƙarfen da abin da zai haɗa wuta. In ta yage ko da kamar ƙwayar shinkafa, ko kuma batirin ya haɗu da ƙarfe a aljihu, yana iya yin zafi ya fashe cikin ƙiftawar ido. Yanzu sa hannu a aljihunka ka faɗa mini abin da ke ciki. Silalla na canjin fasinja da makulli, ko ba haka ba? Babu aljihun da ya fi na mai pragiya haɗari ga wannan batir, ga kuma tankin fetur kusa da kai. A 2018 wani mutum ya mutu a jihar Fulorida ta Amurka da sigarin lantarkinsa ya fashe masa, kuma saboda gudun gobara ne kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa sigarin lantarki a jakar da ke shiga ƙasan jirgi. Na hannu kuma ba ka san sau nawa aka yi masa caji ba. Kasuwa ma cike take da jabu, tsofaffin batira da aka sake wa riga. Na gaske ba ya wuce 3,500 ko kusa da haka a lambar ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa, in ka ga an rubuta 9,900 ka san zane ne kawai. Ke nan sidi 900 kuɗin shiga ne. Bayansa akwai sababbin batira biyu, da cajarsu ta daban, da koyil, da ruwa ninki-ba-ninki.

Akwai kuma abin da ban ji ka ambata ba, wataƙila abokinka bai gaya maka ba. A 2023 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, wato FDA, ta fito fili ta ce sayar da sigarin lantarki da tallarsa da shansa don nishaɗi sun saɓa wa doka. Ta kafa hujja da Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, da ƙa'idojin taƙaita taba na 2016. Ƙofa ɗaya ta bari, a yi masa rajista a matsayin maganin barin taba wanda likita ke rubutawa. Wannan ya shafi tambayarka ta ƙarko kai tsaye. Kayan da ke shigowa ta bayan gida ba su da garanti, ba su da wakilin kamfani da za ka mayar wa, ba mai tabbatar maka na asali ne ko jabu. Kowane tanki kuma da irin koyil ɗinsa, na wani ba ya shiga na wani. Ranar da mai kawowa ya daina kawo irin naka, akwatin sidi 900 ya zama abin danne takarda. Ba na zargin abokinka da mugunta, shi ya fara janye ka daga kwali, ka riƙe masa wannan alheri. Amma ka tambaye shi cikin raha, in abin shekaru yake yi, me ya sa yake neman rabuwa da shi?

Haka ruwan. Kada ka sayi wanda aka ɗura a kwalba marar suna, ko wanda wani ya ce ya haɗa da kansa ya ƙara masa "wani abu". A Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020 mutum sama da 2,800 suka kwanta asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu, kuma bincike ya gano yawanci ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani irin mai.

Mu dawo gida. Maganar da matarka ta yi mai kaifi ce, kuma rabinta gaskiya ne. Inda ba ta yi maka adalci ba shi ne da ta daidaita su. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo cutar kansa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin masu shanta da ba su bari ba. Na lantarki ba ya ƙona ganye, shi ya sa tarinka ya ragu, kuma hukumomin lafiya na Ingila suna ganin illarsa ta yi ƙasa da ta taba nesa ba kusa ba, ko da yake su ma ba su ce lafiyayye ba ne. Inda ta fi ka gaskiya kuwa shi ne alkawari. Kai ƙarko kake nema, ita kuma kalmar ƙarkon ce take tsorata ta. Ka shigo ka ce mata ga wanda zai yi shekaru, abin da kunnenta ya ji shi ne mijinta ya shirya zama da nikotin shekaru, kuma da kuɗin ragon ɗanta zai yi shimfiɗar. Ka tuna adashin nan ba guminka kaɗai ba ne, da cefanen da ta yi ta matsewa a ciki. Ka kuma yi tunanin ranar suna a Aboabo, dangi sun taru, an gama addu'a, ana waige-waigen inda aka ɗaure rago.

Tsoronka ma ban raina shi ba. Abin da ke ranka shi ne kada abin ya sake mutuwa ka koma kwali, kuma wannan tsoro ne mai kyau. Sai dai maganinsa bai kai sidi 900 ba. Abin da kake buƙata shi ne wata 3, daga yau zuwa haihuwa, ba tare da ranar da za ka tsaya hannu rabbana ba.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Yau da dare ka ɗauki kuɗin adashin ka damƙa mata a hannu, ka ce ta ajiye inda ba ka sani ba. Wannan zai yi maka maganar da baki ba zai iya ba. Sannan cikin makon nan ka je asibiti, ko na unguwa ko Komfo Anokye, ko ka sami ma'aikacin babban kantin magani mai lasisi, ka ce kana so ka bar nikotin. Ka faɗi gaskiyar abin da kake sha, har da kara biyun. Ka tambaye su filastar nikotin da ake mannawa a dantse, da cingam ɗinsa. Filasta tana sakin kaɗan-kaɗan yini guda, cingam kuma na lokacin da ƙishirwar ta taso ne, haɗa su biyun ya fi ɗaya aiki. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara, ana ɗan taunawa ne a ajiye a kunci. Ga shi ba ya yoyo, ba ya neman caji, ba ruwansa da dumso, kuma ba ka taka doka ba.

In likita ya ga ka ci gaba da na lantarkin na ɗan lokaci, to na ukun nan ya ishe ka. Canza masa ƙoƙo, ka ajiye ƙoƙo ɗaya na ko-ta-kwana da cingam a pragiya, duk daga cinikin yini. Sai ka riƙa sauko da ƙarfin ruwan duk bayan mako 3 ko 4, daga inda kake zuwa 20, zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, har ka kai wanda ba nikotin. In wani mataki ya gagare ka, tsaya a kansa mako biyu, kada dai ka koma sama. In kuma na ukun ya mutu murus kafin lokacin, kada ka haura zuwa akwati. Ɗan madaidaici mai jikin ƙarfe, wanda ake cika ƙoƙonsa a kuma canza masa koyil, shi ne iyaka, shi ma sai ka ga ana samun koyil ɗinsa a fiye da hannu ɗaya.

Ranar da ka ajiye gaba ɗaya, kwana ukun farko su ne masu zafi. Za ka yi faɗa da fasinja a kan fesuwa 50, rabin sidi, barci zai yi maka gardama, ciki zai buɗe. Daga mako 2 zuwa 4 abin yana lafawa, kuma kowace ƙishirwa 'yan mintoci take yi ta wuce. Ka riga ka san kana iyawa, tunda duk azumi kana kai wa magariba ba ka ja komai ba. Sa asawaki a baki lokacin jiran lodi, ka ajiye ruwan sanyi kusa. Mai teburin nan, in da hali ka canza inda kake fakin, in ba hali ka gaya masa a gaban mutane cewa ko ka roƙe shi kada ya sayar maka. Wajen shan ataya ma ka zauna nesa da masu kunnawa na ɗan lokaci. In ka zame ka sha kara ɗaya, ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a rigarka, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Ke kuma 'yata, na san zai nuna miki wannan. Kin yi daidai a kan kwalba, kin yi daidai a kan rago. Abin da nake roƙo, in ya zo ya ce yau ya zame, kada ki ce dama kin sani, don daga ranar zai fara ɓoye miki. Ki riƙe masa lissafin kwanakin a kalandar bango, ki kuma riƙe makullin akwatin.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu. Ɗana, ka rubuto mini bayan suna ka faɗa mini lambar da ke jikin kwalbarka a ranar, in har akwai kwalbar.